Shaidar Bango: Zanen Rayuwar Guru Nanak a Hasumiyar Baba Atal da Sikelin McLeod

Tun da W. H. McLeod ya fitar da littafinsa a kan Guru Nanak, wanda ya kafa addinin Sikh, a 1968, masu nazarin addinin suke ja-in-ja a kan janamsakhi, wato littattafan labarin rayuwar Nanak (1469–1539) da mabiyansa suka tattara bayan rasuwarsa. McLeod ya ɗauki labaran ɗaya bayan ɗaya ya aza a sikeli: wannan tabbatacce, wannan mai yiwuwa, wannan da wuya, wannan ba zai yiwu ba. Abin da ya tsira bai wuce 'yan sakin layi ba. Abin da ya dame ni shi ne inda sikelin yake kai mu idan aka ɗauke shi daga kan rubutu aka aza wa zanen bango. Da wannan awo, zanen da ke cikin hasumiyar Baba Atal a Amritsar zai tashi a matsayin kwafin riwayar da ta fi kowace rauni. Ina ganin wannan hukunci bai yi wa bangon adalci ba.

Hasumiyar tana kusa da Harmandir Sahib, haikalin zinariya. An gina ta a ƙarshen ƙarni na 18 don tunawa da Atal Rai, ɗan Guru Hargobind, wanda ya rasu yana shekara tara, kuma shi ya sa aka yi mata hawa tara. A cikinta aka zana rayuwar Nanak daki-daki, da rubutun Gurmukhi mai bayyana abin da aka zana. Kanwarjit Singh Kang, masanin zanen bango na Panjab, ya danganta aikin da ƙarshen ƙarni na 19.

Hujjar ɓangaren McLeod tana da ƙarfi, kuma dole a ba ta haƙƙinta. A zanen ana ganin Nanak da abokan tafiya biyu: Mardana, Musulmi mai kaɗa rabab, da Bhai Bala. Mardana ba a jayayya a kansa. Bala kuwa, tsohon marubucin Sikh Bhai Gurdas bai ambace shi ba a jerin mabiyan Nanak na farko, sauran tsofaffin riwayoyi ma ba su san shi ba. Kwafi mafi tsufa na riwayar da ke ɗauke da sunansa na 1658 ne, kuma ana alaƙanta ta da ƙungiyar Hindali, wadda ke da nata muradin. Tun 1912 Karam Singh, wanda shi kansa mabiyin addinin ne, ya warware riwayar. Ga kuma wata hujjar: kafin a yi zanen, riwayar Bala ta bazu a bugun ɗab'i a Panjab. Saboda haka mai suka zai ce mai zanen ya buɗe littafin kasuwa ne ya juye shi a bango, kuma duk abin da bangon zai faɗa, littafin ya riga ya faɗa.

Ban musa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, sai jimlar ƙarshe. A nan ma ya kamata in taƙaita da'awata. Ba na cewa bangon yana ƙara mana sanin abin da ya faru a Talwandi ko Sultanpur, garuruwan da Nanak ya zauna, a zamaninsa. Wanda ya yi zane bayan shekara ɗari uku da hamsin ba ganau ba ne. McLeod da kansa ya yarda cewa janamsakhi shaida ce a kan al'ummar da ta rubuta ta, kamar yadda masu tarihin Sakkwato ke karanta Raulul Jinan na Waziri Giɗaɗo don su san yadda jama'a ta ɗauki Shehu Usmanu, ba don su auna karamominsa ba. Saɓaninmu a kan zamani ne da wuri. Rubutun Bala yana ba da shaidar ƙarni na 17. Bangon yana ba da shaidar Amritsar ta ƙarshen ƙarni na 19, kuma wannan shaida ba ta cikin littafin.

A dubi inda jerin ya fara da inda ya ƙare. Zanen farko ya nuna gumakan Hindu suna roƙon Ubangiji ya aiko da wani bawa na gari ya sauƙaƙa wa duniya nauyin zamanin lalacewa da suke kira Kali Yuga. Na ƙarshe ya nuna Nanak yana naɗa Angad magajinsa. Littafi yana ɗauke da labarai da yawa, bango kuwa ba ya ɗaukar dukansu, sai an zaɓa. Wani ya zaɓi a buɗe da waɗancan gumaka, wani ya biya kuɗin aikin, masu kula da wurin suka amince, kuma duk wannan a 'yan taku kaɗan daga wuri mafi tsarki a addinin. Sai a haɗa da abin da ke faruwa a garin a lokacin. A 1873 aka kafa ƙungiyar 'yan gyara ta Singh Sabha a Amritsar. A 1898 Kahn Singh Nabha ya fitar da ɗan littafinsa mai jaddada cewa Sikh ba Hindu ba ne. A 1905 aka kwashe gumaka daga farfajiyar Harmandir Sahib. Harjot Oberoi (1994) ya yi bayanin wannan shata iyaka daga rubuce-rubucen 'yan gyara da na abokan hamayyarsu. Bangon, a ganina, yana nuna abin da mai ziyara ya ci gaba da gani da idonsa a daidai lokacin da malamai ke jan layi.

Za a iya cewa mai zane ɗan gado ne, yana maimaita abin da ya koya a wurin maigidansa ko da zamani ya wuce shi. Mai yiwuwa haka ne. To amma gadon da aka ci gaba da biya masa kuɗi, aka ba shi bango a irin wannan wuri, gado ne mai rai. Akwai ma alamar cewa riwayar Bala ba ta mutu da sukar malamai ba: ita ce ta sa haihuwar Nanak a watan Kattak, sauran tsofaffin riwayoyi suka ce Vaisakh, kuma har yau a cikar watan Kattak ake bikin haihuwarsa. Abin da masana suka kayar a takarda yana nan a tsaye a kalandar ibada, kuma bangon na daga cikin wuraren da za a bi a gano dalili.

Wannan batu ya wuce gardamar masana. Aikin gayya na ibada da ake kira kar seva, wanda ake yi da kyakkyawar niyya, ya shafe tsofaffin zane a wuraren ibada da dama a Panjab, an maye gurbinsu da farar ƙasa da marmara da tayil, kuma Baba Atal ma bai tsira ba. Ba zan ɗora wa McLeod alhakin wannan ba, domin masu aikin ba littafinsa suka karanta ba. Sai dai mai ibadar da ke ganin labarin ne abin kiyayewa, da masanin da ke ganin zanen kwafi ne, sun haɗu a wuri guda: dukansu ba za su ga asara ba idan aka sabunta fenti, tunda labarin yana nan a littafi. Idan kuwa bangon shaida ce mai zaman kanta, to tsarin jerin da rubutun Gurmukhi da launin asali duk bayanai ne, kuma ya kamata a ɗauki hotonsu, a rubuta su ɗaya bayan ɗaya, a kiyaye su kamar yadda ake kiyaye tsohon kundi.