Yadda lissafin makin Bak ya iso Ƙwanni

Ɗalibin ajin ƙarshe na lise a Birnin Ƙwanni, in ya fito daga jarrabawar fizik, tun kafin ya kai gida ya gama yi wa kansa lissafi: tambayar maganaɗisu maki kaza, ta lantarki kaza, ya haɗa bisa 20, ya ninka da nauyin darasin, wato kowefisiyan. Takwaransa na ƙetaren iyaka, a Illelar jihar Sakkwato, babu ruwansa da wannan ninki. Shi A1 zuwa F9 na WAEC yake jira.

Daga Faransa abin ya samo asali. Napoleon ne ya kafa jarrabawar Bak, wato ta kammala lise, a 1808, da baki ake yin ta a lokacin, kuma mutum 31 kacal suka ci a 1809. Ba da maki daga 0 zuwa 20 ya shiga sakandarensu a 1890, sannan gyaran 1965 ya kasa ɗalibai rukuni-rukuni da haruffa, irin su A da C da D. Faransa ta ajiye haruffan a 1995, Nijar kuwa tana riƙe da su har yau. A rukunin C da D fizik na da nauyi sosai, shi ya sa gaban ɗan C ko D ke faɗuwa in an ambace ta: maki 2 da ya zubar wajen dokar Lenz, in aka ninka su, suna iya janyo matsakaicin makinsa ƙasa da 10, sai dai ya yi fatan zagaye na biyu.

Jami'ar Yamai ce ta daɗe tana shirya Bak, kafin a kafa wa jarrabawar ofis nata. Tun 1992 jami'ar ke amsa sunan Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, masanin fizik da ya shugabanci ofishin makamashin rana na ƙasa, ONERSOL, inda aka ƙera murhu da tukunyar ɗumama ruwa masu aiki da zafin rana. A wurinsa fizik aikin hannu ce, kuma abin da ya fi ƙaranci ke nan a azuzuwanmu. Ga tashar lantarkin rana ta Malbaza mai megawat 7, da aka buɗe a 2018, nan kusa da mu, amma yara da yawa sun haddace abin da Faraday ya gano a 1831 ba tare da sun taɓa zura maganaɗisu cikin naɗin waya sun ga allurar ma'auni ta motsa ba. Kayan wannan gwaji ba su da tsada. Hukumomin ilimi na jihar Tawa, a taimaka a sa su a kowane lise na Ƙwanni da Malbaza da Illelar Nijar.