Ban-ruwan ɗigo a kan ɓawon kwakwa

Ban-ruwan ɗigo a kan ɓawon kwakwa hanya ce ta noma ba tare da ƙasa ba. Ana shuka a cikin buhuna ko tukwanen da aka cika da niƙaƙƙen ɓawon kwakwa, wanda galibi daga Indiya da Sri Lanka ake samo shi. Famfo mai agogo ne ke tura ruwa gauraye da taki ta siraran bututu zuwa gindin kowace shuka, sau da dama a yini.

Ɓawon ba shi da abincin shuka sosai. Yana riƙe kalsiyam da magnesiyam, ya saki potasiyam da sodiyam, shi ya sa ake wanke shi a jiƙa da ruwan kalsiyam kafin shuka. Ana daidaita tsamin ruwan tsakanin pH 5.5 da 6.5, a bar wani kaso ya tsiyaye don kada gishiri ya taru.

Da wannan hanya ake noman tumatir da kokwamba a gidajen gilashi, da tabar wiwi a gonakin da ke da lasisi a Kanada, inda aka halatta ta a 2018. A Najeriya, noman wiwi laifi ne.