Hular Kwano Mai Ɗaga Haɓa: Daga Ina Ta Faro?

 

Watanni huɗu da suka wuce na je asibiti duba wani yayana, ɗan wan mahaifina, mai sana'ar kai saƙo a kan babur. Na same shi an ɗaure masa muƙamuƙi da waya, ba ya iya magana, kunu ma sai da bututun roba yake zuƙa. A gefen gadonsa ga hular kwanonsa a ajiye, irin mai tsadar nan da ake danna maɓalli a ɗaga ɓangaren haɓa da gilashin gaba ɗaya zuwa sama, fuska ta fito fili. Ya daɗe yana tara kuɗi kafin ya saye ta. Ranar da tsautsayin ya same shi ana tsananin zafi, sai ya ɗaga haɓar don ya sha iska, ya ci gaba da tafiya a haka. Akuya ta gifta, ya taka birki, ya kifa da fuska a kan kwalta. Ƙoƙon kansa ko ƙwarzane babu. Muƙamuƙi ya karye, haƙora uku suka zube.

Na ɗauki hular ina jujjuya ta, sai na ga babu abin da na sani game da ita. Wa ya fara tunanin a rufe kan mai babur? Me ya sa aka rufe haɓa, daga baya kuma aka yi mata ƙofa? Da na bi diddigi sai na tarar kusan kowane ɓangare na wannan hula, wani ne ya mutu ko ya ji ciwo kafin a ƙara shi.

Babur ya riga hularsa zuwa duniya da kusan shekara talatin. A 1885 Gottlieb Daimler da Wilhelm Maybach suka ɗora injin fetur a kan keken katako a Jamus. Masu hawan babur na farko hular fata ko ta yadi suke sawa, ita ma don iska da ƙura. A 1914 wani likita mai suna Eric Gardner, wanda ke kula da masu tsere a filin Brooklands na Ingila, ya gaji da ganin fasassun kawuna. Ya sa aka yi masa huluna da yadi mai kauri da aka shafe da wani irin ƙaro mai ƙafewa ya yi tauri, aka kai su gasar tseren babura ta tsibirin Man a shekarar, aka wajabta wa masu tsere sawa. Sai dai abin ya tsaya a filin tsere. Mai babur na kan titi ya ci gaba da yawo da kansa a buɗe.

Mutuwar mutum ɗaya ce ta sauya lamarin. T. E. Lawrence, Baturen Ingila da ya yi suna a boren Larabawa kan Daular Usmaniyya lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya tsira daga harsasai da hamada ya koma gida. Ranar 13 ga Mayu, 1935, yana kan babur ɗinsa ƙirar Brough Superior kusa da gidansa a yankin Dorset, sai ya yi kiciɓis da yara biyu a kan kekuna. Ya kauce musu, babur ya jefar da shi. Babu hula a kansa. Ya yi kwana shida bai farfaɗo ba, ya mutu ranar 19 ga watan yana da shekara 46.

Cikin likitocin da aka kira masa akwai Hugh Cairns, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa haifaffen Ostireliya. Mutuwar ta tsaya masa a rai. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, Cairns ya zama jigo a asibitin sojoji masu raunin kai da aka buɗe a Oxford, ya riƙa ganin samarin sojoji masu kai saƙo a kan babur suna mutuwa a titunan ƙasarsu tun ba su ga abokan gaba ba. Ya tattara bayanan haɗurran, ya wallafa su a mujallar likitocin Birtaniya a 1941. A watan Nuwamba na shekarar rundunar sojin Birtaniya ta wajabta wa masu hawan baburanta sa hular kwano. A 1943 shi da wani masanin kimiyyar lissafin motsi mai suna Holbourn suka sake nazari, suka kwatanta irin raunin da masu hula da marasa hula ke samu. Holbourn ya kuma nuna cewa murɗawar da kai ke yi farat ɗaya lokacin faɗuwa tana lahanta ƙwaƙwalwa ƙwarai, ko da ƙashin kai bai fashe ba.

A nan ne sirrin hular yake, kuma da yawanmu ba mu fahimce shi ba. Muna ɗauka taurin ɓawon waje ne ke ceton mutum. Ƙwaƙwalwa abu ce mai taushi da ke zaune cikin ruwa a cikin ƙoƙon kai. Idan kai ya bugi kwalta ya tsaya cak, ita ba ta tsaya ba, sai ta bugi ƙashi daga ciki. Saboda haka abin da ake buƙata shi ne wani abu da zai murƙushe a madadin kai, ya ɗan jinkirta tsayawar. A 1953 wani malamin Jami'ar Kudancin Kalifoniya a Amurka, C. F. Lombard, ya yi rajistar ƙirar hula mai ɓawo mai tauri a waje da shimfiɗa mai shanye bugu a ciki. A yau wannan shimfiɗa farin soson nan ne mai tauri, dangin wanda ake tallafe sabuwar talabijin ko firji da shi a cikin kwali. Ɓawo yana baza ƙarfin bugun, soso yana murƙushewa ya shanye shi, igiyar haɓa kuma tana hana hular ficewa. Soson da ya murƙushe ba ya komawa yadda yake. Shi ya sa hular da aka taɓa faɗuwa da ita ta gama aiki, ko da fentinta na nan yana sheƙi.

A 1954 kamfanin Bell na Amurka ya fara sayar da hularsa mai rufe kai da kunnuwa da ƙeya. Bayan shekara biyu wani mai tseren mota, Pete Snell, ya mutu a Kalifoniya da hula a kansa, domin hular ba ta da inganci. Abokansa suka kafa gidauniya da sunansa a 1957 don gwada huluna, kuma har yau tana wannan aiki. Tun daga lokacin aka gane cewa sa hula daban, sa hular kirki daban.

Duk waɗannan huluna fuska a buɗe suke barin ta. Zuwa 1968 Bell ya fito da samfurin Star, mai rufe kai da haɓa duka, sai taga kawai ta gani. Binciken haɗurra da aka yi daga baya a Jamus, ƙarƙashin Dietmar Otte na birnin Hanoba, ya nuna kimanin kashi ɗaya cikin uku na bugun da ke samun hular mai babur a yankin haɓa yake sauka. Dalili a fili yake. Wanda ya faɗo daga babur yawanci gaba yake yi, fuska ce ke fara gaisawa da ƙasa.

To amma rufaffiyar hula ta zo da nata matsalolin. Akwai zafi. Mai tabarau yana shan wahala wajen sawa da cirewa. Ba ka iya shan ruwa, ba ka iya magana a ji ka sosai, mutane ba sa ganin fuskarka. Ɗan sanda mai sintiri a babur ko matafiyi mai tsayawa tambayar hanya sai ya cire ta sau goma a wuni. Wannan ne ya haifi hula mai ɗaga haɓa. A farkon shekarun 1980 kamfanin BMW, tare da kamfanin huluna na Schuberth a Jamus, ya shahara da hular da haɓarta ke lilo a kan maɗauri biyu a gefen kunnuwa, tana da makulli. Ka rufe ta ka yi tafiya, ka tsaya ka buɗe ka yi magana. Daga baya wasu kamfanoni irin su Shoei na Japan da Nolan na Italiya suka shiga. Masu tsadar cikinsu a yau suna da baƙin gilashi na ciki don rana, da kafofin shigar iska, da gurbin na'urar magana.

Wannan sauƙi yana da farashi. Duk inda aka sa maɗauri da makulli an ƙara nauyi, an kuma samar da wurin da zai iya sakewa. Shi ya sa ƙa'idar gwajin huluna ta Turai mai lamba 22 take rarrabe su da haruffa, ana ɗinka su a ɗan ƙyallen da ke jikin igiyar haɓa. Harafin P yana nufin an gwada haɓar hular ta ci jarrabawa. J yana nufin hula marar haɓa. NP yana nufin akwai haɓa amma ba ta kariya ba ce. Hular da ke ɗauke da P da J tare ita ce aka amince a yi tafiya da ita a rufe ko a ɗage, domin tana da abin da ke riƙe haɓar a sama kada ta faɗo ta rufe ido. Amincewar ba ta nufin fuskarka na da kariya in ka ɗage ta. A lokacin kai da mai buɗaɗɗiyar hula ɗaya kuke. Sabon zubin ƙa'idar, 22.06, ya ƙara gwajin bugu a karkace don auna murɗawar kai, abin da Holbourn ya faɗa tun 1943.

Ƙera hula ya fi sa mutane su yarda da ita sauƙi. Jihar Biktoriya ta Ostireliya ce ta fara wajabta ta a 1961. Birtaniya ba ta yi doka ga farar hula ba sai 1973, shekara 21 bayan mutuwar Cairns. Nan take mabiya addinin Sikh suka ce ba za su cire rawaninsu ba, har majalisa ta keɓe su daga dokar a 1976. A Amurka gwamnatin tarayya ta matsa wa jihohi lamba a 1966, ta sassauta a 1976, jihohi da yawa suka soke dokokinsu. Biyetnam, ƙasar da babur ya fi mota yawa nesa ba kusa ba, ta tsaurara tata dokar a Disamba 2007.

Mu ma muna da namu babin. Ranar 1 ga Janairu, 2009, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta wa masu babur da fasinjojinsu sa hular kwano a Nijeriya. Ina ƙaramin yaro lokacin, amma ban manta dariyar da aka riƙa yi ba. A Kano an ga 'yan acaɓa sun kifa ƙwarya a ka sun ɗaure da igiya, wasu tukunya, wasu bokitin fenti, har kafofin watsa labarai na ƙasashen waje suka ɗauki labarin. Mutane sun ba da dalilansu: farashin hula ya tashi, ana tsoron ƙwarƙwata da cutar fata daga hular da kowa ke sawa, wasu na tsoron a yi musu asiri a ciki. Ba duka dalilan ne na banza ba. Sai dai ƙwarya ta nuna yadda muka ɗauki abin. Mun ɗauka hula maganin jami'in hanya ce, ba maganin kwalta ba.

Abin mamaki, rufe kai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya taɓa kallon hawan Sallah ya ga 'yan lifidi da kwalkwali a kansu. Kakanninmu sun san mahayi yana buƙatar abin da zai tare masa sara, ba su kuma ɗauki sa shi a matsayin tsoro ko rashin tawakkali ba. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kafa hujja da shi ya nuna hular kwano na rage haɗarin mutuwa da kimanin kashi 42 cikin ɗari, raunin kai kuma da kimanin kashi 69 cikin ɗari.

Ba ina cewa kowa ya nemi mai tsada ba. Hula mai sauƙin kuɗi da aka gwada, ta yi daidai da kanka, ka kuma ɗaure igiyarta, ta fi mai tsadar da ke rataye a hannun babur. Wanda kuma Allah Ya hore wa mai ɗaga haɓa, ya sani an yi ƙofar ne don lokacin tsayuwa: gidan mai, shingen bincike, gaisawa da dattijo, kurɓar ruwa. Kafin ka saki kuloci ka sauke ta, ka ji makullin ya ce ƙas, ka ɗan tura ta sama da hannu ka tabbatar ta kama.

Yayana ya samu sauƙi, an cire masa wayar makonni kaɗan da suka wuce. Ya so ya ci gaba da amfani da tsohuwar hular tun da ko tsagewa ba ta yi ba. Na cire masa yadin ciki na nuna masa inda farin soson ya lotsa a goshi, daidai faɗin tafin hannu. Ya daɗe yana kallon wurin. Yanzu ya sake shiga adashi don sayen wata, kafin nan yana aron ta abokin aikinsa.

Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.