Rajistar magungunan da doka ta taƙaita

Rajistar magungunan da doka ta taƙaita littafi ne da asibitoci da gidajen jinyar tsofaffi ke ajiyewa domin rubuta shiga da fitar magunguna masu saurin kama jiki, irin su mofin, fetidin da fentazosin. Manufarta ita ce tabbatar da cewa maganin ya isa ga majinyaci, bai sulale zuwa kasuwa ba.

Yadda ake cike ta

Kowane magani da shafinsa. Duk lokacin da aka ba majinyaci, ana rubuta kwanan wata, lokaci, sunansa, adadin da aka ba shi da abin da ya rage a kabad. Ma'aikacin jinya ya sa hannu, wani abokin aikinsa ya shaida. Ba a goge kuskure, ba a yage shafi; sai dai a rubuta gyaran a gefe tare da kwanan wata. A lokacin miƙa aiki ana ƙirga ragowar, idan lissafi bai daidaita ba a kai rahoto nan take.

Tarihi da doka

Tsarin ya dogara da yarjejeniyoyin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1961 da 1971. A Ingila an ƙara tsaurara sa ido bayan shari'ar likita Harold Shipman, wanda aka samu da laifin kashe majinyata 15 da allurar diyamofin a 2000. A Najeriya, hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ke lura da shigo da waɗannan magunguna, NDLEA kuma, wadda aka kafa a 1989, tana yaƙi da fataucinsu. A 2018 gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai ɗauke da kodin.

A kudancin Katsina

A ƙananan hukumomin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, galibi iyali ne ke jinyar tsofaffinsu a gida, don haka nauyin rajistar yana kan asibitoci, irin su Babban Asibitin Ƙanƙara. Da zarar an sallami majinyaci, lissafin ƙwayoyinsa ya koma hannun 'ya'ya da jikoki. Matsalar 'yan bindiga a yankin ta sa zirga-zirgar ma'aikatan lafiya ta yi wuya, kuma inda ma'aikaci ɗaya ne ke aikin dare, babu mai shaida sa hannunsa. Doka ba ta ba ƙananan kemis izinin sayar da irin waɗannan magunguna ba.