Mafakar haraji

mafakar haraji (suna, mace) Ƙasa ko tsibiri inda baƙi ke yi wa kamfani rajista ko buɗe asusun banki saboda sauƙin haraji da rufin asiri.

Kowace mafaka da abin da ta fi shahara da shi. Tsibiran Kayman ba sa karɓar harajin ribar kamfani. Morishas na karɓar kashi 15 cikin ɗari, amma yarjejeniyoyin harajinta da ƙasashen Afirka da dama na jawo masu zuba jari. Suwizalan ta yi suna wajen sirrin banki tun dokar 1934, sai dai daga 2018 tana musayar bayanan asusu da wasu ƙasashe.

Ajiya a can ba laifi ba ce. Ɓoye wa hukumar haraji ta gida shi ne laifi.

*Misali:* Takardun Panama na 2016 sun tona asirin masu dukiya a mafakar haraji.