Asalin Kalma: Jigo

Kafin kalmar jigo ta shiga ajin adabi, a lambu take zaune. Masu noman rani a fadama suna kafa itace mai ƙarfi a bakin rijiya ko rafi, su gitta dogon itace a kansa, guga a gaba, nauyin ƙasa ko dutse a baya. Da wannan jigo ake ɗebo ruwa a zuba wa albasa da tumatir. Daga nan Hausawa suka ɗauki kalmar suka ba mutumin da al'amari ya dogara a kansa. Shi ya sa ake cewa wane jigo ne a jam'iyya, ko jiga-jigan gari sun hallara.

Masana adabin Hausa sun ga dacewarta, suka sanya wa babban saƙon da labari ko waƙa ke ɗauke da shi suna jigo. Jigon Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa shi ne bauta da wahalar da ta jefa mutane a ciki. Na Ganɗoki na Bello Kagara kuwa jarumtaka ce. Duka biyun sun fito daga gasar rubutu ta 1933.

Ɗalibi ya kula, jigo ba taƙaita labari ba ne. Ana gano shi ta bin halayen taurari, abin da suka aikata da sakamakon da suka samu. Sannan a zo warwarar jigo, a kawo hujja daga cikin littafin, a kuma ware ƙananan jigogi da ke tallafa wa babban.