Yadda Aka Koyi Daidaita Ƙafar Mota Domin Filin Tsere

Duk wanda ya daɗe a wannan sana'a tamu ta shirya motar gida domin a shiga da ita filin tsere ya san cewa mai mota, ran da ya fara zuwa gareji, zancen inji yake kawowa, alhali kuwa abin da zai hana shi sauri, ko ya watsa shi cikin ciyawa tun bai gama zagayen farko ba, yana can ƙarƙashi, wajen sifirin da shokazoba da tsayuwar tayoyi, watau ƙafar mota. Dalili kuwa shi ne, komai ƙarfin inji, komai kaifin birki, ba su da hanyar isa ga kwalta sai ta wurare huɗu inda roba ta taɓa ƙasa, kowannensu bai wuce faɗin tafin hannu da yawa ba. An daɗe ana tsere kafin wannan magana ta zauna a zukatan masu sana'a.

Sa'ad da aka buɗe filin Brooklands a Ingila cikin 1907, motocin zamanin suna tafiya ne bisa aksul guda mai haɗa tayoyin gaba biyu, da sifirin na falle-falle irin wanda har yau muke gani a gindin manyan motoci, shasinsu kuma yana murɗewa da zarar an sha kwana da ƙarfi. Mazhabar magabata a kan wannan mas'ala guda ce: a ƙarfafa sifirin, a ɗaure shokazobar gogayya irin ta Hartford da sifana har ta kusa daina motsi. Ba wauta ce ta sa su haka ba, domin in sun sassauta, aksul ɗin gaba yakan kama karkarwa har sitiyari ya nemi kuɓuce wa direba. Sai dai illar abin ita ce, taya tana tsalle bisa kowane ɗan tudu, tayar da ke sama kuwa ba ta riƙe kome.

Mutumin da ya mayar da al'amarin daga taƙalidi zuwa ilmi mai hujja shi ne Maurice Olley, Bature ɗan Ingila, wanda ya bar Rolls-Royce ya koma Cadillac a Amurka cikin 1930. Shi ba tsere ne ya dame shi ba, jin daɗin fasinja yake nema, amma da shi da abokan aikinsa suka riƙa kewaya mota a fili mai siffar da'ira suna ƙara sauri sannu a hankali suna aunawa, sai suka tabbatar da abin da wani injiniya Bafaranshe, Georges Broulhiet, ya riga ya yi nuni da shi a 1925, cewa taya a cikin kwana ba ta bin daidai inda ta fuskanta, takan ɗan gurgura gefe, kuma daga wannan gurgurawa ne ƙarfin riƙonta yake fitowa. In gurgurawar gaba ta fi ta baya, mota ta turje ta ƙi shiga kwana. In ta baya ta fi, gindi ya zame ya nemi wuce kai. Daga nan aka kai ga asalin da dukan furu'an sana'armu suka rataya a kansa, shi ne cewa in an ninka nauyin da ke kan taya, riƙonta yana ƙaruwa, amma ba ya ninkuwa. Saboda haka duk ɓangaren da ka fi ƙarfafawa, gaba ko baya, shi zai ɗauki kaso mafi yawa na nauyin da ke rinjaya waje a cikin kwana, kuma shi zai fara rasa riƙo. Wanda ya fahimci wannan ya san dalilin da ya sa, in mota tana turjiya a gaba, sau da yawa sitabilaizar baya, watau sandar da ke rage karkatar mota, muke ƙara wa kauri, ko mu sassauta ta gaba, abin da kan ba masu mota mamaki har su yi ta musu da mu.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai sana'ar ta faɗo hannun talakawa. Filayen jiragen yaƙi da aka bari a Ingila suka zama filayen tsere, Silverstone da Goodwood duka a 1948, samari marasa kuɗi kuma suka riƙa sayen tsohuwar Austin Seven suna sassaƙa ta a bayan gida. A cikinsu Colin Chapman ya fito, wanda ya kafa Lotus a 1952, ya kuma juya hukuncin magabata: shasi ne zai yi tauri, sifirin ya yi laushi gwargwado, shokazoba mai kyau ta tsare motsinsa, domin taya ta zauna a ƙasa. A ganina babu wanda ya amfani mai ƙaramin gareji kamarsa. Motarsa Lotus Cortina ta 1963, wadda asalinta motar iyali ce ta Ford, da ita Jim Clark ya ci gasar motocin gida ta Birtaniya a 1964, hotunansa kuwa yana shan kwana tayar gaba ta ciki tana reto a sama har yanzu suna manne a bangon gareji da yawa.

Ita Cortina ɗin tana da ƙafar gaba irin ta MacPherson, wadda Ford ta fito da ita a Consul tun 1950, kuma galibin motocin gida na yau ita suke da ita saboda arha da rashin cin wuri. Aibinta shi ne, in jikin mota ya karkata a kwana, tayar waje takan bi shi ta karkata, ta hau gefenta na waje. Magani shi ne kamba, watau a kwantar da saman taya ciki tun mota tana tsaye, yadda in ta karkata za ta zauna daram. Motar titi takan fito daga masana'anta da abin da bai kai digiri 1 ba, mu kuwa mukan kai gaba zuwa digiri 2 ko 3, musamman da yake tayar radiyal, wadda Michelin ta yi wa rajista a 1946, ta fi tsohuwar taya son haka. Kasta ma, watau kwantar da saman ƙafar gaba zuwa baya, mukan ƙara, domin tana ba da kamba a daidai lokacin da aka murɗa sitiyari. Bakin tayoyin gaba mukan buɗe shi da milimita 1 ko 2 don mota ta yi saurin amsawa, na baya kuwa a ɗan tsuke shi, gama motar da bayanta ya buɗe ba ta da amana a wajen birki.

Ladabin aiki kuwa daga Amurkawa muka gaje shi. Mark Donohue, direba ne kuma injiniya, wanda ya ci tsere 10 cikin 13 na gasar Trans-Am a 1968 da Camaro ta Roger Penske, yakan wuni yana kewaya da'ira irin ta Olley kafin ya je filin gasa. Carroll Smith kuma ya tattara wannan tarbiyya a littafinsa Tune to Win na 1978. Sharaɗin shi ne a canja abu ɗaya tak a kowace fita, a rubuta. Da mota ta shigo, kafin roba ta huce, sai a soka ma'aunin zafi wuri uku a faɗin kowace taya: in gefen waje ya fi zafi, kamba ta yi kaɗan; in tsakiya ta fi, iska ta yi yawa; abin da ake so shi ne gefen ciki ya ɗara na waje da kamar digiri 10. A garejin da na koyi aiki, da zare muke yin alaimen, a ja shi gefe da gefe a auna da rula, sa'an nan a ɗora mota kan sikeli huɗu da nauyin direba a kujera, a yi ta murɗa mazaunin sifirin har nauyin gaban hagu da bayan dama ya zama rabin nauyin mota, domin ta sha kwanar hagu da ta dama da hali ɗaya.

Abin da yake ɓata mini rai a wannan zamani, da kayan Jamus da na Japan suka yi arha, kowa kuma yana iya sayen shokazoba mai maɓallan daidaitawa, shi ne yadda samari suka koma mazhabar Brooklands ba su sani ba. Sukan sauke mota har ta kusa shafar ƙasa, su murɗe kowane maɓalli zuwa ƙarshen tauri, sai ƙafa ta rasa wurin motsi ta zauna kan robar tsayawa, tayarod kuma ya karkace har taya ta riƙa juya kanta a kan kowane gargada. Mazda MX-5, wadda ta fito a 1989 da ƙafa mai hannu biyu gaba da baya, takan yi sauri da sifirinta na asali, in an ba ta taya mai kyau da alaimen na hankali, fiye da 'yar'uwarta da aka kashe wa dukiya aka sandare.

Saura mas'ala guda da ba ta da cikakken magani, domin motar da ta yi tsere ran Lahadi ita za ta kai yara makaranta ran Litinin, kambar digiri 3 tare da buɗaɗɗen baki kuwa takan cinye gefen cikin taya a miƙaƙƙen titi tun sauran faɗinta yana sabo. Abin da muke yi shi ne mu sa faranti mai zamewa a saman ƙafar gaba, mu yi masa alama biyu da fenti, ɗaya ta fili ɗaya ta gari, mu kuma gargaɗi mai mota cewa duk sa'ad da ya matsar da farantin, bakin tayoyin ma ya motsa, sai ya sake jan zare kafin ya hau hanya.